Gani Ya Kori Ji, Amma Ba a Bidiyon Gem Ba

Tun da kamfanin SNK ya fitar da Fatal Fury: City of the Wolves a watan Afrilun 2025 da Cristiano Ronaldo cikin masu faɗa, kunnuwanmu ba su huta ba. Leƙa gidan gem a Gumel ko Maigatari da yamma, inji na ruri, yara sun yi cincirindo suna jiran hannu. Da wuya ka tashi ba ka ji wani ya kafe cewa Messi na nan tafe cikin Mortal Kombat ba. Wani ya ce a'a, Goku ne. Na uku ya rantse da Allah yayansa ya riga ya buga da shi a Kano. Ka nemi hujja, sai a miƙo maka waya: "Ga shi nan, Yaya, gani ya kori ji."

Ga wanda bai sani ba, akwai wasannin faɗa da ke gayyato jarumai daga wasu wasanni ko fina-finai. Babbansu shi ne Super Smash Bros. na Nintendo, wanda ya fara da jarumai 12 a 1999, ya kai 89 a 2021. Mortal Kombat ma ya karɓi baƙi irin su Rambo da Terminator. Hasashen wanda zai shigo nan gaba nishaɗi ne, ba ni da ja a kansa. Abin da ya ishe ni shi ne mayar da bidiyo hujjar da ba a musu da ita.

Dubi irin bidiyon da kyau. Hoton farko fuskar wani ce ya wangale baki, ga jar kibiya tana nuna inuwar mutum. Ka buɗe, sai ga Messi da rigar Ajantina yana kai naushi, sunansa a sama kusa da layin jini. Komai ya zauna daram. To amma wa ya haɗa shi? Tun 1999 akwai wata manhaja mai suna MUGEN wadda kowa zai iya zuba mata jarumin da ya ga dama. Akwai kuma masu buɗe cikin gem a kwamfuta su cire fuskar Scorpion, jarumin Mortal Kombat, su liƙa ta wani. Yanzu ga ƙirƙirarriyar basira ta zo ta sauƙaƙa aikin, yaro da waya ɗaya sai ya yi abin da a da sai gwanin zane. Idonka bai yi maka ƙarya ba, ka ga Messi yana faɗa. Abin da ba ka gani ba shi ne hannun kamfanin a ciki.

Kuma kada yaranmu su ɗauka su ne farkon waɗanda aka yi wa wannan sakiyar. A 1992 mujallar EGM ta Amurka ta buga cewa akwai ɓoyayyen jarumi mai suna Sheng Long a Street Fighter II, har da hotuna da hanyar fito da shi. Wasan ƙaryar Afrilu ne, amma mutane suka yi ta zuba kuɗi a na'ura suna nemansa. A 2002 mujallar ta sake, ta ce Sonic yana ɓoye a Smash Melee. A Fabrairun 2015 wani bidiyo ya nuna Rayman a jerin jaruman Smash, manyan masu sharhi suka hau kai suka zauna, ba a jima ba mai zanen ya fito da kansa ya nuna yadda ya ƙirƙire shi daki-daki. Wadda ta fi ba ni dariya ita ce ta Oktoban 2018. Wani hoto mai dishi-dishi ya bazu, wai daga wata maɗaba'a a Faransa aka ɗauko shi, yana nuna sababbin jarumai irin su Shadow da Geno da Isaac da Ken da Banjo-Kazooie. Magoya baya suka rabu gida biyu, aka yi ta zage-zage. Ranar 1 ga Nuwamba Nintendo ta yi sanarwarta: Ken ya shigo, sai Incineroar da Piranha Plant waɗanda babu su a hoton. Kowa ya kama gabansa.

Na san amsar da za a ba ni: ai Sonic ɗin ya shigo daga baya, Banjo ma ya shigo. Haka ne, Sonic ya zo a 2008, Banjo a 2019. Amma wanda ya jero sunayen da kowa ke roƙo dole wata rana ɗaya ya faɗa daidai, wannan ba sani ba ne, canki-canka ne. Geno da Isaac da Shadow har aka rufe ƙofar Smash Ultimate ba su zama jaruman da ake zaɓa ba, kuma babu mai tuna wannan. Mai shaci-faɗi yana goge kurakuransa goma, ya maƙale dacensa guda a saman shafi.

Ba na cewa asiri ba ya tonuwa. A Mayun 2023 shafin Amazon na Italiya ya yi riga-malam-masallaci, ya jero Omni-Man da Homelander da Peacemaker a matsayin baƙin Mortal Kombat 1 kafin kamfanin ya sanar, kuma ta tabbata. Bambancin a fili yake: wannan dillali ne mai suna da adireshi, wanda kayan ke bi ta hannunsa. Mu da muka tashi kusa da karar Maigatari bai kamata a koya mana wannan ba. Ranar Alhamis da kasuwar ke ci, babu mai biyan kuɗin sa don an nuna masa hotonsa a waya. Sai ya taɓa, ya duba haƙori, ya san dillalin da ya tsaya.

To, in an kawo maka labari, fara da tambayar wa ya mallaki jarumin. Shigo da baƙo ciniki ne na kamfanoni, ba kara ake yi wa magoya baya ba. Joker ya shiga Mortal Kombat 11 cikin sauƙi don gida ɗaya ne, Warner Bros. ke da su duka. Kratos ya bayyana a Mortal Kombat na 2011 a na'urorin Sony kaɗai, domin na Sony ne. Ronaldo kuwa, gidauniyar Misk ta Yarima Muhammad bin Salman ce ke riƙe da kusan dukkan hannun jarin SNK, shi kuma yana taka leda a Al-Nassr ta Saudiyya. Ka ga hanya a buɗe take. Wace hanya ce ta haɗa Messi da Mortal Kombat? Ko farin jini ma ba ya isa. A ƙuri'ar da Nintendo ta buɗe a 2015, Sora na Kingdom Hearts ne ya zo na ɗaya, amma da yake sai da amincewar Disney, bai shigo ba sai Oktoban 2021. Goku kuwa, Masahiro Sakurai da ya ƙirƙiro Smash ya sha bayyana cewa jaruman da asalinsu wasan bidiyo ne yake ɗauka, shi kuma Goku daga littafin zane ya fito.

Sannan ka duba ko ƙofar ma a buɗe take. Smash Ultimate ya rufe da Sora. Masu Mortal Kombat 1 sun sanar a Mayun 2025 cewa ba za su ƙara wani jarumi ba. Duk wanda ya ce maka sabo na tafe a waɗannan biyun, ka ce ya kawo sanarwar. Kuma sanarwa ba ɓoyayyen abu ba ne, kamfani so yake duniya ta ji don ya sayar. Ana yin ta a Nintendo Direct, ko State of Play na Sony, ko gasar Evo, ko bikin The Game Awards, sannan ta hau shafin kamfanin mai alamar tantancewa. In bidiyo ya kwana uku yana yawo a TikTok da WhatsApp, shafin kamfanin shiru, to ka san inda aka nufa. Masu yinsa kallo suke nema, kallo kuma kuɗi ne.

Abin da ya fi damuna shi ne rantsuwa da caca. Yaro ya ɗora sunan Allah a kan abin da wani ya zana a ɗakinsa, ko a sa kuɗi a kan Messi zai zo ko ba zai zo ba, a tashi da gaba. Haba samari! Iyaye da masu gidajen gem, wannan kam naku ne ku tsawatar.

Sai batun aljihu. Mortal Kombat na ƙarshe da ya fito a PS2 shi ne Armageddon na 2006, na PSP kuma Unchained, shi ma 2006. Mortal Kombat 1 ko a PS4 bai fito ba. Saboda haka in mai tura fina-finai ya ce yana da "sabon" da ke tashi a PPSSPP, manhajar buga gem ɗin PSP, da Ronaldo a ciki, tsohon gem ne aka sauya wa riga. In kana so don nishaɗi, saya, amma ka biya kuɗin tsoho, kuma a buɗe shi a gabanka kafin ka miƙa kuɗi. Wanda kuma aka turo maka ta adireshin intanet, ana cewa sauke ka buɗe ɓoyayyen jarumi, in ya nemi izinin karanta saƙonninka ko lambobin wayarka, goge shi nan take, musamman in wayar Baba ce ko ta Inna mai manhajar banki a ciki.