Babi na Bakwai: Gulbin Bunsuru da Tsabtar Ruwansa

Duk ruwan saman da ya sauka a Safana da Batsari yana da inda ya nufa. Yakan bi kwazazzabai ya faɗa ƙoramu, ƙoramu su miƙa shi ga gulbi. Ƙasar da ruwanta ke taruwa a gulbi ɗaya ita ake kira kwarin gulbi. Yammacin Katsina na cikin kwarin Sakkwato da Rima: Karaɗuwa, wanda aka datse a Zobe kusa da Dutsin-Ma a 1983, yana shiga Bunsuru, Bunsuru ya ratsa Dajin Rugu ya bi ta Zamfara, ya haɗu da Gagare su zama Rima, Rima ya cika madatsar Goronyo ya wuce Sakkwato, daga nan sai Kwara.

Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Idan aka sare itatuwan gaɓa, ruwan farko na damina yakan kwashe ƙasar gona ya zuba a gulbi, ya taho ja wur, laka ta cike madatsa. Mai lambu ya wanke tankin feshi a bakin fadama. Wani ya yi bahaya a kwazazzabo. Da rani kuwa, yarinya ta durƙusa a tsakiyar gulbin da ya ƙafe, ta tona yashi da hannu, ta jira ruwa ya tsatso, ta kwalfa da ƙoƙo ta kai gida. Ta nan amai da gudawa ke shiga gari.

Shi ya sa ake tsara kula da ruwa bisa kwari, domin gulbi bai san iyakar ƙaramar hukuma ba. Tun 1973 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, amma jiha ma tana da nata aikin: auna ruwan gulbi da na rijiyoyi damina da rani, gano inda ƙazanta ke shiga, dasa itatuwa a gaɓa, nisanta masai daga rijiya, ware mashayar dabbobi. Rashin tsaro a yankin Rugu ya sa kai ma'aikata wasu ƙauyuka ya yi wuya, don haka dole a jawo masu unguwanni, manoma da makiyaya cikin tsarin, su ne ke ganin gulbin kullum. Abin da mutumin Safana ya kiyaye a bakin ƙoramarsa, mutumin Goronyo zai same shi a randarsa.