Gashin Gaggawa: Abin da Wuta da Hayaƙi Ke Yi wa Nama

Gabatarwa

A garin Bugaje, cikin Ƙaramar Hukumar Jibiya ta Jihar Katsina, baƙon magariba ba sabon abu ba ne. Yankin yana bakin iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Nijar, kuma zumuncin da ke tsakanin Katsinawan nan da na Maraɗi ya girmi iyakar kanta. Sau da yawa ɗan'uwa ko abokin ciniki yakan yi sallama bayan an riga an kwashe tuwo. Mai gida ba zai bar baƙo ya kwana da yunwa ba, ga shi kuma lokaci ya ƙure, ba a iya ɗora sabuwar sanwa. Abin da ya fi sauƙi shi ne a aika wajen mahauci a sawo tsoka, ko a kama kaza ko zabo a yanka, ko kuwa, in an dace, a sami ɗanyar tarwaɗa irin ta madatsar ruwa ta Jibiya, a hura garwashi a gasa.

Sai dai Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa. Naman da aka gasa cikin garaje yakan ƙone a waje, ciki kuwa ɗanye, kuma kowane ɗaya daga cikin waɗannan biyu yana da illarsa ga lafiya. Wannan maƙala za ta duba abin da zafi da hayaƙi ke yi wa nama, domin mai karatu ya san abin da gashin rabin sa'a zai iya yi, da kuma abin da ba zai iya ba.

Gashi Daban, Banda Daban

Kusan kashi 3 cikin 4 na nauyin ɗanyar tsoka ruwa ne, kuma wannan ruwan ne ke bai wa ƙwayoyin cuta damar yaɗuwa har nama ya ruɓe. Tun zamanin kaka da kakanni Bahaushe yana da hanyoyi iri biyu na sarrafa nama. Ta farko ita ce ta adanawa, wato kilishi da banda. Mai kilishi yakan fere tsoka ta zama kamar takarda, ya shanya ta a rana, ya tsoma ta cikin kwaɓin gyaɗa da kayan yaji, ya sake shanyawa, sa'an nan ya ɗan nuna mata wuta. Mai banda kuwa yakan bar kifi ko nama a kan wuta marar ƙarfi tsawon sa'o'i masu yawa, wani lokaci har kwanaki. A duka biyun, abin da ke hana lalacewa shi ne fitar ruwa.

Hanya ta biyu ita ce ta ci nan take, wato tsire da balangu da gasasshiyar kaza. A nan zafi yana dafa naman, hayaƙi ya ba shi ƙamshi, amma yawancin ruwan yana nan ciki. Saboda haka kuskure ne a ɗauka cewa duk naman da ya sha hayaƙi zai iya kwana lafiya. Tsire dafaffen abinci ne, hukuncinsa ɗaya da na miya.

Dalilin Yanka Tsire Siriri

Zafi yana shiga nama ne sannu a hankali daga waje zuwa ciki, kuma akwai ƙa'idar lissafi a kan haka: idan aka ninka kaurin yanka sau 2, lokacin da zafi zai ɗauka kafin ya kai tsakiya yakan ninka kusan sau 4, idan aka ninka kaurin sau 3, lokacin ya ninka kusan sau 9. Ƙara wuta ba ya karya wannan ƙa'ida, ƙona bayan naman kawai yake yi. Wannan shi ne dalilin da ya sa mai tsire ke yanka nama falle-falle, mai gasa kaza kuma ya tsaga ta ya baje ta, mai kifi ya yi masa tsaga-tsaga a gefe.

Har ila yau, ba kowane sashen dabba ne ya dace da gaggawa ba. Naman wuya da na ƙwauri suna cike da jijiyoyi na wani sinadarin gina jiki mai suna kolajin, wanda ba ya narkewa sai ya daɗe cikin zafi da laima. Irin wannan nama na farfesu ne. Na gashin gaggawa shi ne tsokar gadon baya da ta cinya, da hanta, da ƙoda, da matashiyar kaza, da kifi.

Tushen Ƙamshi

Ƙamshin gasasshen nama yana fitowa daga wurare biyu. Na farko shi ne haɗuwar sinadaran gina jiki da ɗan sukarin da ke cikin tsoka a lokacin da suka ji zafi mai ƙarfi. Wani masani Bafaranshe, Louis-Camille Maillard, shi ne ya fara bayyana wannan haɗuwa a shekarar 1912, kuma har yau da sunansa ake kiran ta. Ita ce ke sa bayan nama ya yi ja-ja-ja, ya tashi da ƙamshi. Ba ta kankama sosai sai zafin bayan naman ya kai wajen digiri 140 a ma'aunin Salsiyos. Da yake ruwa yana tafasa ne a digiri 100, jiƙaƙƙen nama ba zai wuce nan ba sai bayansa ya bushe. Don haka wanda ya tsane nama kafin ya ɗora shi a wuta ya rage wa kansa jira. Garin ƙuli-ƙulin da ake barbaɗa wa tsire ma yana taimakawa, domin yana tsotse laima, kuma shi kansa yana gasuwa ya ƙara ƙamshi.

Wuri na biyu shi ne hayaƙi. Itace ya ƙunshi manyan sinadarai uku, ɗaya daga cikinsu shi ne liginin, wanda ke ba shi tauri. Idan liginin ya ƙone a hankali, yakan saki sinadarai irin su gwayakol da siringol, waɗanda su ne ainihin ɗanɗano da ƙamshin banda. Hayaƙin yana ɗauke kuma da wasu sinadarai masu tsami da ke rage ƙwayoyin cuta. Amma duk waɗannan a fatar nama suke tsayawa, ba sa wuce milimita kaɗan. Wannan yana da amfani ga mai gaggawa, domin siririn yanka yana ɗaukar ƙamshi cikin mintoci kaɗan. Yana kuma nuna cewa hayaƙi ba ya kashe abin da ke can tsakiya.

Illar Baƙin Hayaƙi da Hikimar Tukuba

Ba kowane hayaƙi ne na alheri ba. Idan itace ko kitse ya ƙone cikin zafi mai tsanani, musamman daga digiri 400 zuwa sama, wasu sinadarai masu haɗari suna samuwa, su bi hayaƙi su manne a jikin nama. Mafi shahara a cikinsu shi ne benzofayirin. Tarihin gano shi ya faro tun 1775, lokacin da wani likita a Landan, Percivall Pott, ya lura cewa wani nau'in ciwon daji ya yi yawa a tsakanin masu sharar bututun hayaƙi na gidaje. A 1933 masana a Ingila suka ware sinadarin daga kwaltar kwal. A yau Hukumar Binciken Ciwon Daji ta Duniya, wadda ke birnin Liyon a Faransa, ta sa shi cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna jawo ciwon daji ga ɗan Adam. Tarayyar Turai kuwa, tun 2014, ta ƙayyade cewa kada ya wuce maikurogiram 2 a kowane kilo na kyafaffen nama ko kifi. Bugu da ƙari, a 1977 wani masani ɗan Japan, Takashi Sugimura, da abokan aikinsa sun gano wani rukunin sinadarai masu illa da ke samuwa a ƙonannen sashen gasasshen kifi da nama.

Babbar hanyar da benzofayirin ke hawa kan nama ita ce ɗigar kitse cikin wuta. Kitse ya ɗiga, wuta ta tashi, baƙin hayaƙi ya lulluɓe naman. A nan ne hikimar tukubar gargajiya take bayyana. Mai tsire na da yakan tara toka, ya hura wuta a tsakiya, ya kakkafa tsinkaye a kewaye. Zafi yana isa ga naman daga gefe, kitsen kuma yana gangarowa cikin toka maimakon ya faɗa wuta. Ragar waya da ake ɗorawa kai tsaye bisa wuta ta fi sauƙin aiki, amma ta zubar da wannan fa'ida. Irin wannan tunani ne ya sa Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta taimaka aka ƙera wani murhun bandar kifi a Tiyaroy ta ƙasar Senegal a 2008, wanda ke da faranti mai tare kitse kafin ya kai ga wuta.

Ya kamata a fahimci cewa wannan illa ta dogon lokaci ce, tana bin yawan abin da ake ci da yawan maimaitawa. Tsinken tsire guda ba guba ba ne. Sabo da cin ƙonanne kullum shi ne abin gudu.

Haɗarin da Ya Fi Kusa

Illar ɗanyen ciki kuwa ba ta jiran shekaru. Ɗanyar kaza takan ɗauki ƙwayoyin cuta irin su Salmonela, masu haddasa gudawa da zazzaɓi. Naman shanu da bai nuna ba shi ne hanyar kamuwa da tsila. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a dafa abinci har zafin tsakiyarsa ya kai digiri 70. Wanda ba shi da ma'auni sai ya tsaga wuri mafi kauri ya duba: a kaza, gindin cinya kusa da ƙashi, kada a ga jini ko ruwa mai ja, a kifi kuwa, tsoka ta yi fari tana rabuwa da ƙaya cikin sauƙi.

Bayan an sauke, sabon lissafi ya fara. Ƙwayoyin cuta suna yaɗuwa a tsakanin digiri 5 da digiri 60, kuma zafin bazara na ƙasar Katsina ya yi musu daidai ƙwarai. Wasunsu suna rabuwa biyu kowane minti 20, wato ƙwaya guda tana iya zama fiye da miliyan 2 cikin sa'a 7. Shi ya sa aka ce kada dafaffen abinci ya wuce sa'a 2 a ajiye ba cikin sanyi ko kan wuta ba. Wuƙa da katakon da aka yanka ɗanyen nama da su, idan aka sake yanka gasasshe ba a wanke su da sabulu ba, suna mayar da abin da wuta ta kashe. Haka nan yajin da ake barbaɗawa a ƙarshe bai ga wuta ba, sai a tabbatar da tsabtarsa. Ƙuli-ƙulin da aka yi da gyaɗa mai hunhuna yana iya ɗauke da gubar aflatoksin mai lahani ga hanta, kuma gashi ba ya kawar da ita.

Yadda Za a Yi Cikin Ƙanƙanen Lokaci

Daga bayanan da suka gabata ana iya tsara aikin kamar haka:

1. A fara da hura wuta kafin a taɓa nama, domin jiran garwashi shi ne mafi tsawo. Gawayin itace mai tauri, kamar ƙirya ko marke, ya fi riƙe zafi. Kada a hura da leda ko roba ko kananzir, kada kuma a yi amfani da katako mai fenti ko itace mai farin ƙaro mai guba irin tumfafiya da aguwa.

2. A rage kitse, a yanka nama siriri kuma daidai da juna, a tsane shi. A cuɗa shi da gishiri, citta, tafarnuwa, albasa da ɗan lemon tsami. Bincike ya nuna cewa irin wannan haɗi yana rage sinadaran ƙuna.

3. A jira harshen wuta ya kwanta, garwashi ya yi farar toka a sama. A tara shi gefe guda, a jera nama a ɗaya gefen ko a kewaye, kamar yadda ake yi a tukuba.

4. Mai son ƙamshin banda ya ɗora guntun busasshen itace ɗaya a kan garwashin, ya kifa tsabtataccen kwano marar fenti, ya bar kafar iska. Hayaƙin da ake so siriri ne mai shuɗi-shuɗi. Mai kauri da duhu ɗaci yake kawowa.

5. A riƙa juyawa akai-akai, a kankare duk inda ya yi baƙi, a tsaga a duba tsakiya, a kai wa baƙo da zafinsa.

Duk wannan a fili ake yin sa. Garwashi yana fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ko wari, kuma tana iya kisa a rufaffen ɗaki, musamman lokacin hunturu da ake toshe ƙofa da taga.

Kammalawa

A taƙaice, saurin gashi yana samuwa ne daga wuƙa, ba daga ƙarfin wuta ba. Siririn yanka, da garwashin da ya natsu, da kitsen da bai faɗa wuta ba, su ne ke ba da nama mai ƙamshi wanda ya nuna har ciki. Mahautan ƙasar Hausa sun kai ga yawancin waɗannan ta hanyar gwaji da gado, kimiyya kuma ta zo ta bayyana dalilansu, ta ƙara da gargaɗi a kan abin da ido ba ya gani. Idan baƙo ya ci ya rage, ragowar ba kilishi ba ce: ko dai a sa ta cikin sanyi nan da nan, a sake ɗumama ta sosai kafin a ci da safe, ko kuwa a raba wa maƙwabta tun da zafinta.