Ostiraliya: yadda ake cin sanyi a masaukin baƙi na tsibirin Kangaru

In aka ce lokacin sanyi, hunturu ne ke faɗo wa Bahaushe a rai: hazo da ƙura da kaushi, ba ɗigon ruwa ko ɗaya. A kudancin ƙasar Ostiraliya al'amarin ba haka yake ba. Can sanyi da ruwan sama tare suke zuwa, daga watan yuni zuwa agusta, wato daidai lokacin da manoman Maradi da Damagaram ke duƙe cikin gonakin hatsi.

Tsibirin Kangaru yana kudu maso yamma da birnin Adelayid. Tsawonsa kilometir 155 ne, mazaunansa kuwa ba su cika dubu 5 ba a ƙidayar 2021. Baturen Ingila Matthew Flinders ne ya raɗa masa suna a 1802, sannan Bafaranshe Nicolas Baudin ya kewaye shi da jirginsa, shi ya sa har yau wasu wurare ke amsa sunan Faransanci, kamar Vivonne da Couedic. Jirgin ruwa yana tsallaka da mutum cikin minti 45, amma a watannin sanyi, in teku ta yi fushi, sai a dakatar da tafiya.

A gaɓar kudu, inda daji ya gangaro har bakin ruwa, akwai gidajen saukar baƙi masu yawon buɗe ido. Wanda ya fi suna shi ne Southern Ocean Lodge, da aka buɗe a 2008 kusa da Hanson Bay. Da sanyi ya kama, baƙi sukan ragu a tsibirin, rana ta gajarta, iska mai ɗauke da gishiri ta dinga dukan tagogi. Baƙo yakan fita da safe cikin rigar ruwa, ya komo da la'asar ya zauna gindin murhu. Mai neman wanka a teku ba lokacinsa ba ne ke nan. Amma mai son ganin daji a raye, shi ya ci riba. Ciyawa ta yi kore shar, ƴaƴan kangaru sun fara leƙowa daga jakar cikin uwayensu, manyan dabbobin tekun nan da Faransawa ke kira balen suna matsowa kusa da gaɓa domin haihuwa. Abin da ya fi ba da mamaki shi ne wata ƴar dabba mai ƙaya kamar bushiya, sunanta ekidina, wadda ƙwai take yi amma tana shayarwa. A wannan lokaci ne mazanta ke jeruwa bayan mace guda, hancin wannan a wutsiyar wancan, su yi kwanaki suna binta cikin daji.

Ga masu gidajen kuma, sanyi ba hutu ba ne. Galibin gidajen da ke nesa da gari da ruwan sama suke rayuwa: daga rufin kwano ya bi indararo ya shiga tanki, shi za a sha har bayan rani. In damina ta yi rowa, to shekara ta ɓaci tun ba a je ko'ina ba. Kuma yanzu ne ake sassabe kewayen gini, a share busassun ganye, a gyara hanyoyin da motocin kashe gobara za su bi, domin dajin nan yawancinsa itacen turare ne, irin wanda aka dasa a garuruwanmu, kuma man da ke cikin ganyensa wuta ba ta yi masa wasa.

Mutanen tsibirin ba labari aka ba su ba. A watan disamba na 2019 tsawa ta tada gobara, ta ci kusan rabin tsibirin, fiye da hekta dubu 200, ta hallaka mutum 2 da dubban tumaki. Gandun dajin Flinders Chase kusan duka ya ƙone. Ran 3 ga janairu 2020 wutar ta iso Southern Ocean Lodge. An riga an kwashe baƙi, ma'aikatan da suka rage suka fake a wani ɗaki na kankare da aka gina don irin wannan rana, suka fito da ransu, suka tarar da gidan ya zama toka.

Ruwan saman da ya biyo baya ne ya fara rufa wa ƙasar asiri. Itatuwan turaren da suka yi baƙi ƙirin suka tofo daga jikin kututture, irin da ya daɗe kwance cikin ƙasa ya tsiro. Shi daji bai jira kowa ba. Ginin ne ya ɗauki kusan shekara 4, sai a disamba 2023 aka sake buɗe masaukin a wurinsa na da. Baƙon da ya bi hanyar Hanson Bay cikin yayyafin yuli yana iya ganin ƙonannun rassa tsaye tsirara, sun zarce sabon ganyen da ke binsu daga ƙasa.