Jingina da Lamuni a Takardun Bashi na Washinton

A ƙasar Hausa, in mutum ya jinginar da gonarsa, wanda ya ba shi kuɗin shi ke nomanta har ranar fansa. A birnin Washinton da maƙwabtansa, jihohin Maryland da Virginia, mai gida yana zaune a gidansa, yana biya wata-wata, sau da yawa har shekara 30. Sai dai a galibin takardun wannan yanki akwai amintacce na uku, wanda aka danƙa wa ikon sayar da gidan in biya ya tsaya.

Sharaɗin da ya kamata mai karatu ya fara nema shi ne wanda ke cewa in mai bashi ya saɓa alkawari, bashin gaba ɗaya ya wajaba nan take. Wato wanda ya makara da kuɗin wata uku yana iya wayar gari ana binsa na shekara 20. Takardar da kamfanonin Fannie Mae da Freddie Mac suka tsara, wadda bankuna da yawa ke bi, ta ce tilas a fara aiko da gargaɗi, a ba shi aƙalla kwana 30 ya cika abin da ya makara. Wani sharaɗin kuma yana wajabta bashin duka in an sayar da gidan. Majalisar Dokokin Amurka ta tabbatar da shi a 1982, amma ta keɓe gidan da dangi suka gada, da wanda aka mallaka wa miji, ko mata, ko 'ya'ya.

Lamuni kuwa, nan ne mutanen kirki suka fi shiga uku. Tun dokar Ingila ta 1677, wadda jihohin Amurka suka gaji hukuncinta, alkawarin biyan bashin wani ba ya kama mutum sai an rubuta ya sa hannu. In ya sa, to, ya ɗauka. Takardu da yawa suna ba banki damar bin mai lamuni kai tsaye, tun bai taɓa mai bashin ba, har da kuɗin lauya. Saboda haka tun 1985 Hukumar Ciniki ta Tarayya ta tilasta wa masu ba da bashin mota da na kayan gida su miƙa wa mai lamuni gargaɗi a rubuce kafin ya sa hannu. Wannan ƙa'ida ba ta shafi bashin sayen gida ba.