A gyara ƙota kafin damana

A kusan kowane gida na karkara akwai tsohuwar guduma. Da ita makiyayi ke kafa turken dabba. Da ita manomi ke ɗaure ƙusar amalanke, ya miƙe bakin garma in ta lanƙwashe. Wata gudumar tun ta kaka ce, jika ya gada. Ƙarfenta yana nan garau. Abin da ke gajiya shi ne ƙota, musamman wurin da hannu ke riƙewa.

Zufa da ƙasa da rana su ke cin wannan wuri. Sannu a hankali iccen ya siɗe, ya yi santsi, ko ya tsattsage ya fito da sartse. Mutane da yawa ba su kulawa sai ranar da guduma ta suɓuce. Guduma in ta kuɓuce ba ta zaɓen inda za ta faɗa. Tana iya samun ƙafar mai aiki, ko kan yaron da ke riƙe masa turke. Sartse kuma in ya shiga tafin hannu ya yi ruwa, mutum ya kan yi kwanaki bai riƙe hauya ba. In haka ta faru lokacin shuka, asarar ta fi kuɗin guduma goma.

A fara duba icce

Kafin a naɗa kome, a duba lafiyar ƙota. A riƙe kan guduma a girgiza. A duba wuyan ƙota, wato wurin da ta shiga ƙarfe. In akwai tsaga a wuya, ko gara ta ci cikin, ko ƙwaro ya huda ta gari na zuba, wannan ƙota ta gama aiki. Naɗi ba ya warkar da ita, sai dai ya ɓoye cutar. A kai wa masassaƙi ya yi sabuwa.

In kuwa iccen da ƙarfinsa, wurin riƙo kaɗai ya lalace, to, gyara a gida ya isa.

In kan yana girgiɗi, wasu su kan jefa guduma cikin ruwa ta kwana. Da safe sai a ga ta kama gam. Wannan dabara ruɗi ce. Icce in ya sha ruwa yana kumbura, ƙarfe ya matse shi har naman iccen ya murƙushe. Ranar da ya bushe sai ya koma ƙasa da yadda ya ke da, girgiɗin ya ƙaru. Abin da ya dace shi ne a fiƙe ɗan guntun icce mai tauri, busasshe, a yi masa baki kamar na gatari, a buga shi cikin kan ƙota daga sama har ta buɗe ta cika ramin ƙarfe.

Kankara da naɗi

Da farko a kankare wurin riƙo da wuƙa ko fasasshiyar kwalba. A bi tsawon icce, kada a gicciye shi. A cire dauɗa da sartse duka. Kada a shafa mai a wurin da za a naɗe, don mai yana sa naɗi ya zame.

Abin naɗi mafi ƙarfi shi ne fatar da ba a jeme ba, wadda aka cire wa gashi. Ta saniya ta fi kauri da daɗewa. Ta akuya ta fi laushi a hannu. Ba a bukatar babbar fata. Ragowar gefe da dukawa ko mahauta ke yarwa ta isa.

A jiƙa fatar ta kwana cikin ruwa har ta yi laushi. A yanka ta doguwa, faɗin yatsa guda. In guntuwar ƙarama ce, a yanka ta zagaye-zagaye daga gefe zuwa tsakiya, za ta ba da doguwar igiya. A ɗora bakin igiyar a kan ƙota, naɗin farko ya danne shi. A ci gaba da naɗi ana ja da ƙarfi, kowane zagaye ya hau gefen na baya kaɗan. A naɗe wurin da ya fi faɗin tafin hannu, kamar santimeta 12 zuwa 15. In an kai ƙarshe, a cusa bakin igiyar ƙarƙashin zagaye biyu na ƙarshe da basilla, a ja, a yanke ragowar.

Sannan a rataye guduma a inuwa kwana 2 ko 3, wurin da kare da ɓera ba su kai. Asirin aikin a nan ya ke. Ɗanyar fata in tana bushewa tana tsukewa, ta kama icce kamar tare aka halicce su. Ba ta bukatar ƙusa. Ƙusa a jikin ƙota ita ce mafarin tsaga.

Jemammiyar fata, wadda majema suka gyara da bagaruwa, ta fi daɗin riƙo, amma ba ta tsukewa kamar ɗanya. Ita sai baduku ya ɗinke ta a jikin ƙota.

Wanda bai sami fata ba yana iya yanka robar cikin tayar keke ya naɗa. Tana hana santsi, tana rage girgizar da ke shiga hannu. Amma rana na cin ta, ta tsattsage, sai an riƙa sakewa.

Bayan naɗi ya bushe, a shafa ɗan man gyaɗa ko man shanu a sauran iccen, a goge sosai da tsumma. Kada a yi amfani da baƙin man mota, yana cutar da fatar mutum. Kada kuma a bar guduma cikin ruwan sama, don ɗanyar fata in ta jiƙe tana saki.

In sai an yi sabuwa

Masassaƙa sun san itatuwan ƙota. Aduwa da marke da kanya da magarya duk suna da tauri. A zaɓi reshe miƙaƙƙe marar gaɓa, a bar shi a inuwa ya bushe sarai. Ɗanyen icce yana cika rami yau, gobe ya rame. Shi ya sa rani ne lokacin sa ƙota. Wadda aka sa cikin bushewar iska, damana na zuwa sai ta ƙara kamawa.

Iccen ƙota ba ya samuwa kamar da. Aduwa tana cikin itatuwan da dokar daji ta kare, ba a sare ta haka kawai. Mai bukata ya tuntuɓi ma'aikacin daji na yankinsu. Amma akwai hanya mai sauƙi. Tun wajen 1984 manoman jihar Maradi suka kama sassaben zamani. Maimakon a ƙone kututture, sai a bar masa tofo biyu ko uku su girma, a sassabe sauran. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa sun dawo a gonaki kimanin hekta miliyan 5 a ƙasar Nijar. Manomin da ke renon iccen gonarsa, daga rassan da ya rage ya ke samun ƙotar guduma da ta gatari da ta hauya, bai kashe uwar ba.

Ƙotar da aka gyara kuwa ta bar reshe guda a jikin icce, ta bar kuɗi a aljihu.

Yanzu da aikin gona ya yi sauƙi, kowane maigida ya fito da kayan aikinsa ya duba su ɗaya ɗaya. Ya zaunar da yaransa su ga yadda a ke naɗi, don su ma su iya. Aikin bai wuce hantsi guda ba. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.