Tabalak: Bakin Ruwan Mutanen Arewacin Adar

Nijar ba ta da teku, amma mu 'yan Barmu muna da inda muke kira bakin ruwa. Tabkin Tabalak ke nan, gabas da mu, a kan kwaltar da ta tashi daga Tawa ta nufi Abalak da Agadas, tafiyar kilomita 50 ko kusa da haka daga Tawa.

Duk wanda ya san Adar ya san ƙasar duwatsu ce da fako. Ruwan sama kaɗan ne, daga Yuli zuwa Satumba, kuma in ya sauka a kan fako ba ya nutsewa, gangarawa yake yi ta ƙoramu har ya tarar da kwari. Tabalak irin wannan kwarin ne, mai tsawo, jigayi na tokare da shi. A shekarun 1950, lokacin damuna masu albarka, ya fara riƙe ruwa har rani ya fita. Daga baya aka zuba masa irin kifi, sai ga masunta da komaye a ƙasar da a da raƙumi da jaki kaɗai ta sani.

Yankin dai tsohuwar mahaɗa ce. Aznan Adar na noman gero, Buzayen Azawak da Fulani na kiwo daga arewa, kasuwar Barmu kuma nan ake musayar hatsi da bisashe. A 1674 Agabba, ɗan Sarkin Agadas, ya karɓe Adar daga hannun Kabi, zuriyarsa ce ke sarautar Ilela. A 1961 gwamnati ta shata iyakar noma daga arewa don a bar wa makiyaya fili, sai dai gonaki sun daɗe da tsallake ta.

Ni abin da ya fi burge ni shi ne watannin sanyi. Ruwa na ja da baya, manoma na bin laimar taku-taku suna dasa albasa, tumatir, kabeji da dankali. Shanu na jiran hanyar mashaya, masu lambu na tsaron shinge, wani lokaci sai an kira mai gari. Motar Agadas na tsayawa, mata su rufe tagogi da farantan soyayyar tarwaɗa da karfasa, an barbaɗa yaji. Saurayin da ya samu fegi a gaɓar nan yana iya fasa tafiya cin rani Abijan ko Libiya.

A 2005 aka sa tabkin cikin wuraren dausayi masu muhimmanci a duniya ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, saboda tsuntsayen da ke sauka nan, wasu tun daga Turai. Takarda dai ba ta tare yashi. Ƙoramun da ke ciyar da tabkin su ne ke kwaso ƙasar tuddan da aka sare wa itatuwa suna jibge masa a ciki, zurfinsa na raguwa, kuma a shekarar da damuna ta gaza masunta kan ja komayensu kan busasshen taɓo tun kafin bazara.