Sai Jini Ya Share Hanya Jijiya Ke Warkewa

A Tsohuwar Panteka, inda ake yankan kwano da ƙarfe tun safe har magariba, rauni a hannu ba labari ba ne. Fata takan haɗe cikin mako biyu, amma yatsa ya yi watanni ba ya jin zafi, ba ya jin sanyi. Abin da ya tsinke shi ne jijiyar saƙo, mai kai ji da motsi, ita kuwa ba ta gaggawa: kimanin milimita 1 take tsirowa a rana. Daga wuyan hannu zuwa kan yatsa sai a ci kusan wata shida.

Tsirowar ma ba ta yiwuwa sai da jini. A 2015 ayarin Farfesa Alison Lloyd na jami'ar UCL a Landan ya nuna yadda abin yake a jikin ɓeraye. Idan jijiya ta rabu biyu, iskar oksijin kan yi ƙaranci a giɓin. Wasu fararen ƙwayoyin jini su ke fara jin wannan ƙarancin, sai su saki sinadarin VEGF, wanda ke sa sababbin hanyoyin jini su ƙetare giɓin. Ƙwayoyin Schwann, masu renon jijiya, sai su bi ta kansu suna jan zaren jijiyar, kamar masu jan wayar lantarki a gefen sabon titi. Da masu binciken suka karkatar da hanyoyin jinin, jijiyar ma ta bi su ta ɓata.

Wannan na cikin abin da ya sa ciwon suga da taba sigari, masu lalata ƙananan hanyoyin jini, ke jinkirta warkewa.

Wanda ya fi su saurin ɓarna shi ne matsattsen ɗauri. Ɗan acaɓa ya faɗi a Kawo, a kai shi wurin mai ɗori, a ɗaure karan ɗori tamau, hannu ya kumbura a ciki. Awa shida zuwa takwas babu jini sun isa su kashe tsoka da jijiya, ƙashi ya haɗe amma hannun ya shanye. Wasu masu ɗori sun iya ƙashi, wannan kam gaskiya ne. Bugun jini ne da yawansu ba sa dubawa.

Duk wanda aka yi wa ɗori ya ga yatsu sun yi sanyi, sun sauya launi, ko zogi ya ƙi lafawa, a sassauta ɗaurin nan take, a garzaya da shi Asibitin Koyarwa na Barau Dikko ko mafi kusa, kada a bari sai gari ya waye.